Injin Mairam da Karatuna na Dama

Asabar, 5 ga Satumba, 1998
'Yata Mairam ta dawo daga jami'a a Kano da aikin kammala digirinta. Idan bai yi ba kafin ƙarshen wata, sai ta maimaita shekara. Na tambaye ta me take haɗawa, ta ce MD5, a wani yaren kwamfuta mai suna Perl. Ni da na tsaya a aji huɗu na gyaɗa kai kamar alƙali.

Litinin, 7 ga Satumba
Ta yi min bayani. Ka ba injin saƙo komai tsawonsa, ya niƙe shi ya fitar da 'yan haruffa da lambobi. Ka canza ɗigo ɗaya, duk su canza, kuma ba a komawa baya a gano saƙon. Na ce ashe daddawa ce, kalwa ba ta komawa kalwa. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun sallah.

Alhamis, 10 ga Satumba
Ruwa ya shanye rabin shinkafata ta Auyo. Da kwalekwale na je na gaishe ta.
Maƙwabcinmu Irmiya, malamin lissafi, ya bar wa Mairam kwamfutar makarantarsu da yamma. Allah ya saka masa. Amma amsar injin ba ta yi daidai da ta littafi ba. Ta daina cin abinci. Iyarta na harara ta kamar ni na ƙirƙiro Perl.

Lahadi, 13 ga Satumba
Shiru.

Litinin, 14 ga Satumba
Irmiya ya bugo amsar a takarda, layi huɗu. Idon Mairam ya gaji, ta ce in karanto mata haruffan bibbiyu tana bin littafin. To ni ɗan allo ne kafin in zama ɗan boko, idan ban kula ba ta dama nake farawa. Haka na yi. Ina kai layi na biyu ta ɗago kai.
"Baba, ta ina kake karantawa?"
Na duba, kunya ta kama ni. Na fara ba da haƙuri.
"A'a, ci gaba a hakan."
Na ci gaba, duka huɗun suka yi daidai da littafin. Ashe lissafinta lafiya lau yake, injin ne ke son a jera kowane layi daga ƙarshe, ita kuma ta jera daga farko. Ta zari gyale ta fita ba takalmi, sai wurin kwamfutar.
Shekara da shekaru malaman boko na dukana saboda wannan kuskuren. Yau ya yi rana.

Laraba, 16 ga Satumba
Ta gyara, ya yi. Na kai wa Irmiya busasshen kifi, ya ce ni ya kamata a ba. Na ce ya rufa min asiri, ban san abin da na yi ba. Gaskiyar kenan. Watannin wahalar nata ne. Alhamdulillahi.

Asabar, 19 ga Satumba
Ta koma Kano. Gida ya yi faɗi.
Da yamma na biyo ta makarantar, hanya ce kawai. Irmiya ya ja min kujera. Da yatsa ɗaya na rubuta sunana, Haladu, injin ya niƙe ni tsaf. Ya ce in dawo Talata. Ban ce to ba. Na dai tambaye shi ko bayan la'asar ne.