Gahawar da Ba a Sha Ba

Ƙalƙiliya, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Wasfiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma garin Zarƙa na riƙe da ke lafiya, ke da yara da jikoki.

Yaya, taya mu murna, Turawa sun dawo. Mutanen nan akwai zumunci, wallahi. Duk bayan shekara uku ko huɗu sai sun tuna da mu, su ɗauko jakunkuna su zo duba ko zaman sulhun da suka bari a kwance yana numfashi. Kuma ba sa zuwa hannu rabbana: sabuwar taswira, alƙaluma kyauta, da damuwa mai zurfi. Tun ina tura tumatir a baro ake farfaɗo da tattaunawar nan. Yau ga ni da rumfa biyu da furfura, ana nan ana yayyafa mata ruwa. Wane majinyaci ne ya taɓa samun masu jinya masu haƙuri haka?

To, ga abin da ya sa na ba direba takarda maimakon in kira ki, kin san waya ba mu biyu kaɗai ke jin ta ba. Maganar gonar Baba ce. Na ɓoye miki: shekara biyu ke nan ban samu izinin wuce ƙofar katangar da sojoji suka raba mu da gonakinmu da ita ba. Da farko suka ce sunan Baba ne a takardar gona, ba nawa ba. Na gyara. Sai suka ce dalilin tsaro, ni da ko kaza sai na kai wa maƙwabci ya yanka mini. Lauya ya ce ƙasar da ta shekara uku ba huɗa ba ɗiba, suna iya cewa ba ta da mai ita. Bana ce ta uku. Itatuwan zaitun tamanin da ɗaya, Yaya.

Amma 'yan kasuwarmu sun zaɓe ni cikin mutum biyar da za su gana da jakadiyar Turawan a Ramallah, saboda ina da ɗan Turanci da kwat mai tsabta. An ce ta shekara bakwai cikin Larabawa, ta san mu ciki da bai. Na rubuta koke shafi biyu zan miƙa mata.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Nazmi

Zarƙa, 17 ga Satumba

Ƙanena Nazmi,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Ba ka ɓoye mini komai ba. Garwar man da ka aiko bara da bara waccan, cokali ɗaya na ɗanɗana na gane. Man gonarmu yana kama maƙogwaro, wannan kuwa ya wuce kamar ruwa. Na yi shiru ne don na ga ka sha wahala har da rubuta sunan Baba a jikin garwar. Abokan cinikinka za ka yi wa wannan, ba ni da na goya ka ba.

Game da koken: ban yarda ɗan gidanmu ya tsaya yana miƙa takarda kamar mai neman sadaka ba. Takardarka za ta shiga jaka ta tarar da ɗari irinta. Ka tuna yadda Baba yake yi idan ya je gidan manya da buƙata. A zuba masa gahawa, ya karɓa, ya ajiye finjalin a gabansa bai kurɓa ba. Babu mai gidan da zai iya zama da wannan kunyar. Dole ya ce, “Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu.” Kuma a gaban shaidu. In har matar nan ta san mu kamar yadda ake faɗi, ta san wannan.

Allah ya tsare hanya. Yayarka,
Wasfiyya

Ƙalƙiliya, 2 ga Oktoba

Yaya,

Salama da gaisuwa. Zan gaya miki yadda aka yi, kada ki ji a bakin wani.

Na auna shawararki da ma'aunin kasuwa, na ga ta fi tawa nauyi. Takarda ana mantawa da ita, alkawari a gaban kyamara kuwa da wuyar haɗiyewa. Har na riƙa yaba wa kaina wayo a mota. Awa uku muka yi a hanya, biyu daga ciki a shingen sojoji.

Otal ne mai sanyi. An ba mu minti ashirin, tsakanin ganawarta da matasa masu zane da ta mata masu saƙa. Muna zama wani dogon Bature ya zagaya da jaka shuɗiya yana karɓar takardu. Huɗu suka ba shi. Ya zo kaina, na dafa ƙirji na yi murmushi. Abu Samir mai gidan burodi, da ke gefena, ya zungure ni.

“Kai Nazmi, ina takardar?”

Na ce, “Tana hutawa. Zuba ido ka ga aikin manya.”

Ya ce, “Manyan wa? Kai da ko ma'auninka ba ya faɗin gaskiya?”

Jakadiyar ta shigo da gyalenmu a kafaɗa, ta gaishe mu da Larabci mai kyau, har da tambayar iyali. Na ce a raina, yau gona ta dawo. Aka kawo gahawa. Na karɓa da hannun dama, na ɗaga yadda kowa zai gani, na ajiye a tsakiyar tebur, na harɗe hannu. Namu duk suka gane. Umm Hatim, ɗaya daga cikin mu biyar, ta rufe baki da mayafi.

Ita kuwa ta shiga bayani. Wai akwai tagar dama da ta buɗe, akwai sabon yunƙuri, dole ɓangarorin biyu su gina yarda. Ina kallon finjali, ina kallonta. Wajen minti na goma idonta ya sauka a kansa. Ta yi murmushi ta ce, “Ayya, ta yi maka ɗaci ko? Ni ma sai da na daɗe kafin na saba. A kawo masa shayi.”

Abu Samir ya raɗa mini, “Fito da takardar, mahaukaci, fito da ita!” Amma Yaya, wanda ya ajiye finjali ba ya komawa miƙa takarda a gaban mutanen garinsu. Na ce bari in ƙara mata minti ɗaya, ko za ta tuna. Sai dogon ya taɓa agogo, aka jera mu, aka ɗauki hoto. Na bi su da takardar har bakin ƙofa, masu gadi suka tare ni da ladabi.

Na koma ɗaukar hulata. Mai raba gahawar, wani dattijo daga Jenin, yana tsaye bai taɓa finjalin ba. Ya ce, “Ɗan'uwa, da gidan nan nawa ne, da na ce ka sha.” Ni na ɗauke masa shi na ɗora a faranti, don kada ya rasa aikinsa.

Ki yi mini addu'a.
Nazmi

Zarƙa, 11 ga Oktoba

Nazmi,

Salama. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ni na sa ka, na ɗauka duniya duk gidan mutane ce. Ka yafe mini. Ka gaya mini gaskiya, ba irin ta garwa ba: waɗanda suka miƙa takardunsu, an yi musu wani abu?

Yayarka,
Wasfiyya

Ƙalƙiliya, 28 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba abin yafewa.

Uku sun samu wasiƙar nuna damuwa, iri ɗaya har da waƙafi. Umm Hatim ta samu izinin shiga gonarta na kwana uku. Ita ta ce takardar ce, mijinta ya ce sa'a ce. Ban bincika ba, ba na son in sani.

An buɗe ƙofar katanga, an rufe, ba ni cikin jerin. Ɗan Umm Hatim da ya shiga ya ga sanarwar sojoji a rataye jikin zaitun ɗinmu na bakin hanya, ruwan sama ya cinye rabin rubutun. Lauya ya karanta sauran a hoto, ya cire tabarau, ya tambaye ni lafiyar iyali. An kuma ɗage tattaunawar sai yanayi ya kyautata.

Amma Turawa ba su manta da ni ba. Jiya suka aiko gayyata zuwa taron koyar da manoma dabarun sayar da man zaitun a ƙasashen waje, da fom da zan cike. Na cike suna da gari. Layi na uku ne ya tsayar da ni, wai yawan itatuwan da nake da su. Ke da kika fi ni tsoron Allah, waɗanda nake hangowa daga saman soro zan rubuta, ko waɗanda hannuna ke iya taɓawa?

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Nazmi