Kiran Baba a Kan Gada

Bangkok, Talata 14 ga Janairu

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya gwiwarki, kumburin ya sauka? Kina shan maganin bayan cin abinci, ba kafin ci ba? Tunda kin ce waya ba ta kawo miki komai sai ƙara a kunne, zan riƙa rubutawa ina tura hoton takardar wayar maƙwabciyarmu Goggo Pranom, ta karanta miki a hankali.

Mun iso lafiya, ni da Baba. Motar ta bar Roi Et ƙarfe bakwai da minti goma na safe, ta shiga tashar Bangkok uku da rabi. Kujera biyu na saya, na zaunar da jakar a ta jikin taga. Mai karɓar tikiti ya ce in kawo ta a sa a ƙasa cikin kaya, na ce masa kwalabe ne masu fashewa. Ban so yin ƙarya ba, amma da na ce tukunyar tokar gawar mahaifina da aka ƙone ce, da rabin fasinjojin sun sauka.

Na yi yadda kika koya mini. Duk gadar da muka nufa sai in sunkuya in ce, "Baba Thongsuk, ga ruwa, za mu haye, taho mu tafi." Ban manta abin da kika ce ba: mamaci ba ya haye ruwa sai na gida ya kira sunansa, in ba a kira ba toka ta wuce, shi ya tsaya a bakin gaɓa. Daga gadar ƙauyenmu zuwa tasha, arba'in da ɗaya na ƙirga, kowacce na rubuta ta a littafina. Ban rintsa ba. Ko ruwa ban sha sosai ba, don kada in tashi zagayawa mu haye wata ban sani ba.

Na sauka a wani ƙaramin masauki a Banglamphu, ɗaki ɗaya mai gado shida, ɗaya bisa ɗaya. Sauran biyar Turawa ne masu yawon duniya da jaka a baya, irin tawa sak. Akwatunan ajiya a ƙarƙashin gadaje suke, inda ƙafafu ke sauka, don haka na roƙi gadon sama na ajiye Baba wajen kaina. Wata Baturiya mai fara'a ta miƙo mini jakar, ta ce me na ɗauko haka, duwatsu? Murmushi kawai na yi. Kilo biyu da giram ɗari uku ne, na auna a sikelin shinkafarki.

Jirgin ruwan da zai kai mu bakin teku a Pak Nam, inda zan sauke tukunyar, sai ranar Asabar. Kafin nan zan zaga da shi wuraren da ya ce zai kai ni. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa tasi a garin nan bai yarda mun zo ba, wai sai ranar da zai ɗauke ni da rigar digiri. Saura kwana goma sha tara a yi bikin ya rasu.

Ki gaida Goggo Pranom. Don girman Baba ki daina ɗaukar bokiti.

'Yarki,
Lamduan

Bangkok, Alhamis 16 ga Janairu

Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya kuma kina cin abinci. Jiya ban rubuto ba saboda na rasa ta inda zan fara. Na yi kuskure.

Jiya mun je kasuwar furanni, mun bi unguwar masu zinariya inda cunkoso ya sa na juyo da jakar gabana na rungume ta, sannan muka haye babban kogi zuwa haikalin da ke ɗaya gefen. A cikin kwale-kwalen na kira shi da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Na dawo ina jin daɗi.

Da yamma na buɗe taswira don in ja layi a kan hanyar da muka bi, sai na ga siraran layuka shuɗaye suna ratsa ta. Magudanan ruwa ne, Inna. A wajenmu gada tana da ƙarfe a gefe, tana tasowa, kana ganinta tun daga nesa. A nan titi a shimfiɗe yake, ga motoci, ga rumfunan masu soya ayaba, ruwan yana ƙarƙashin ƙafarka ba ka sani ba. Tun daga tasha ranar Talata, goma sha huɗu na haye bakina a rufe. Ni da na shekara huɗu ina karatun taswira.

Ban san a wacce ya tsaya ba. Yau tun shida na safe na koma da ƙafa, daga ta ƙarshe zuwa ta farko, ina tsayawa a kan kowacce ina kira. Ruwan baƙi ne, yana wari, kin san yadda Baba ya ƙi jinin wari. Kilomita goma sha shida na taka, dugadugaina duka sun yi bororo. Wani mai babur ya tambaye ni ko karena ne ya ɓata.

Abin da ya fi damuna, taswirar takarda ta ce goma sha huɗu, ta waya ta ce goma sha bakwai, kuma na karanta cewa akwai waɗanda aka rufe da siminti gaba ɗaya. Ruwan da aka rufe da siminti, ruwa ne har yanzu? Ki tambayar mini malamin haikalinmu. In na sauke tukunya a teku ranar Asabar, shi kuwa yana tsaye a bakin wani kwalbati a tsakiyar hayaƙin motoci, wa zai dawo ya ɗauko shi?

Gobe zan je wurin da yake cin abinci a Din Daeng, shi kaɗai ya rage. Ki yafe mini. Abu ɗaya kika sa ni.

'Yarki,
Lamduan

Bangkok, Asabar 18 ga Janairu

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya zaman kaɗaici? Goggo ta aiko mini cewa kin yi kuka, kuma malamin ya ce shi ma bai taɓa jin wannan tambayar ba. Ki share hawayenki ki saurara.

Wurin cin abincin rumfa ce a ƙarƙashin gadar sama, tasi-tasi jere a gabanta. Duk mutanen wajenmu ne, suna cin shinkafa mai danƙo da kwaɗon ɗanyar gwanda. Kafin in buɗe baki wani mai ƙiba da furfura ya nuna ni da cokali ya ce, "Wannan goshin na Thongsuk ne, ko a tsakiyar kasuwa zan gane shi. Ke ce mai taswira?" Kawu Samran ke nan, wanda suke karɓa-karɓar mota ɗaya da Baba.

Na zauna na faɗa musu komai, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Sai Kawu ya fashe da dariya har ya ƙware.

"Thongsuk? Ya ɓata a Bangkok? 'Yar nan, mutumin da zai kwanta a kujerar baya idonsa a rufe yana ce mini na sha kwanar da ba ita ba!"

Wani ya ce, "Ai shi ya sa yake zagaye da fasinja, don ya san gari."

Kawu ya ce, "Rufe mana baki, kai da ka kai Bature filin jirgin da ba nasa ba."

Mai abincin ta daka musu tsawa, ta ce shashashai, su bar yarinya ta ci. Kawu ya goge ido da tawul ɗin wuyansa, ya ce, "Amma ba za mu bar ki da wannan a zuciya ba. Kawo taswirar."

Ya zaunar da jakar a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel, bai kunna mita ba. Muka bi duka goma sha bakwai, ya ƙara biyar da babu su a kowace taswira, ya san su tun kafin a rufe su. A kan kowacce sai ya rage gudu, na baya suna ta danna masa ham, ya sauke gilashi ya ƙwala, "Thongsuk, tsohon banza, shigo mota, 'yarka na jira!" Ni kuma in yi nawa kiran. Awa biyar da minti ashirin.

A hanya ya buɗe aljihun mota ya ba ni wata takarda. Rubutun Baba ne, Inna. Hanyar da zai bi da ni ce, da sa'a da minti, har da inda inuwa take don kada in yi gumi a cikin rigar digiri. Kawu ya ce shekara biyu yana gyara ta, duk safiyar Lahadi sai ya gwada. Ashe wajensa na gado wannan halin. Layin ƙarshe ya rubuta: Pak Nam, kaguwa, ta ci ta ƙoshi.

Yau jirgi ya tashi tara daidai. Kawu da abokansa uku sun zo da riguna gogaggu. Ƙarfe tara da minti hamsin da biyu na sauke tukunyar da hannu biyu, muka watsa furanni, jirgi ya zagaya sau uku. Ban waiwaya ba, kamar yadda kika ce. Ba ni da shaidar da zan rubuta a littafi cewa yana tare da mu. Abin da na sani, ruwa ashirin da biyu ne, kuma a kan kowanne baki biyu suka kira shi. Sun saya mini kaguwar. Na ci rabi.

Da muka juyo, a gadar farko bakina ya buɗe da kansa, har na ce, "Baba." Kawu ya ce, "A'a, 'yata. In kin kira shi yanzu zai biyo ki. Bar shi ya huta, ya yi tuƙi ya isa."

Gobe motar bakwai zan shiga, kujera ɗaya. Gada arba'in da ɗaya, kuma dole in haye su duka da baki a rufe. Jakar ba ta da nauyi yanzu, amma sai gyara igiyarta nake yi. A lissafina zan iso gadar ƙauyenmu wajen huɗu da kwata. In gwiwa ta bari, ki roƙi Goggo ta riƙo ki zuwa can. In kin hango ni a ɗaya gefen, ki kira sunana.

'Yarki,
Lamduan