Ka Daina Zagin Onorabul Hamadu

Garwa, Janairu 2020

Zuwa ga Yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fati da yara, Ya yi wa nemanka albarka a can Gabon. Mu nan lafiya sai godiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, a zaune take sallah yanzu, amma bakinta bai tsufa ba, har yau ita ke faɗa mini yawan gishirin da zan sa a miya. Kada ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya. Maganar da zan yi ba ta waya ba ce, shi ya sa na jira tafiyar maƙwabcinmu Goni zuwa can na ba shi hannu da hannu.

Yaya, saƙonnin muryar da kake turawa a kan Hamadu sun zagaye Garwa. A kasuwa na ji muryarka tana fita daga wayar wani mai sayar da albasa, kana cewa ɗan majalisar namu bai taɓa buɗe baki a majalisar Yawunde ba sai don hamma, kowace doka aka kawo hannunsa na sama, har da wadda suka ƙara wa kansu wa'adi. Mutane suna ta dariya, ni kuwa na yi sauri na bar wurin. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na san shi ma ya ɗaga hannu aka yi dokar ta'addanci, wadda a ƙarƙashinta ake tsare da ƙaninmu Ilyasu tun ranar da aka tare shi a shingen hanya da buhunan takin da yake kai wa manoma, aka ce na haɗa bam ne. Ga shi an shiga shekara ta biyar, kullum sai a ce an ɗaga shari'a.

Makon jiya Hamadu ya zo gida, ka san zaɓe ya matso. Ya bar motocinsa a bakin titi, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Inna yana kiranta Dada kamar yadda ya saba. Ka riga ka sani nononta ya sha lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, tare da kai aka goya ku, to ita har gobe ɗa take ganinsa. Ya zauna ya yi ta zayyana mata abin da ya sa a gaba: filin ƙwallon da aka gyara, kwaltar cikin gari, rijiyoyin burtsatse da zai nema wa mutanen Pitowa, da farashin auduga da ya ce zai yi magana a kai in ya koma. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi a cikin duk wannan ina Ilyasu. Ya sunkuyar da kai. Ya ce ita waccan dokar daga sama aka turo ta, jam'iyya ta ce a ɗaga hannu, wanda ya ƙi ba zai sake ganin kujerarsa ba, kuma bai taɓa zaton za ta ci ɗan gida ba. Ya ce dosiyen Ilyasu, wato takardun shari'arsa, yana hannun wani babba da ya sani, amma babban ya ji saƙonninka, ya tambaye shi ko wannan mai zagin ba yayan fursunan ba ne.

Na so in yi magana, Inna ta harare ni. Ta ɗora hannu a kansa ta sa masa albarka, ta roƙa masa nasara. Da ya tafi na ce mata yaya za ta yi wa mutumin nan addu'a, sai ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma in ya faɗi zaɓe, wa muka sani a Yawunde da zai ko ɗauki wayarmu? Ranar ko abinci ban iya ci ba. Ban yarda zai fitar da Ilyasu ba, in da zai iya da tuni ya yi. Amma wanda ke takara da shi bai ma san sunanmu ba. Don haka ni da Inna da matar Ilyasu, Fadimatu, shi za mu dangwala wa, muna sane da abin da hannunsa ya yi mana.

Abin da nake roƙonka ke nan, don girman Allah da darajar Inna: ka yi shiru. Kai kana nesa, in ka gama magana sai ka kashe waya ka koma shagonka. Mu ke ɗaukar kwanon tuwo zuwa gidan yari, mu ake dubawa a bakin ƙofa a ce yau ba shiga.

Ka gaida Fati da Hindu da sauran yara, da maƙwabcinka André da ya aiko wa Inna man zafi. Inna ta ce Allah Ya yi maka albarka, Fadimatu ma tana gaisuwa. Ranar Juma'a an bar ni na ga Ilyasu, ya rame ƙwarai, haƙoransa biyu sun zube. Har can ciki an ba shi labarin saƙonninka. Ya ce in gaishe ka, in ce maka duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka taimaka ka ajiye masa gaskiyar nan sai ya fito, yana so ya sami Inna da rai.

Wassalam, ƙanwarka,
Rabi'atu