Baba Yana Tuƙi a Falo

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya.

Kin tambayi jikin Baba. Yana nan yadda kika bar shi ranar da asibiti suka sallame mu: ɓarin hagu a mace, baki ba magana. In an ba shi abinci ya ci.

Abu ɗaya ne sabo. Cikin kayan da na kwance a shago na tsinci tsohuwar na'urar gem, irin wadda muke rububinta muna yara, har da sitiyarin roba da faifan tseren mota. Ba mai saye, yaran yanzu sun ce ta kakanni ce. Na kai gida na jona a talbijin ɗin falo. Yaya, yabon kaya sana'ata ce, amma wannan ba sai na ƙara gishiri ba. Kwalta jiƙe da ruwan sama, hasken fitilu kwance a kanta, ga teku a gefe. Baba ya miƙa hannun dama ya kama sitiyari.

Sai dai ba ya tsere. Irin tuƙin da yake yi da tirelarsa a da yake yi, a hannunsa, a hankali, yana ba kowa hanya. Kullum shi ne na ƙarshe. Wani lokacin ya faka a gefen titi ya yi ta kallon ruwa.

Don haka maganar ɗauke shi zuwa wurinki, a ɗan dakata.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Ɗan Gwanjo

*

Ɗan Gwanjo,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Bakin nan da kake sayar da mataccen rediyo da shi, ni ba zai ci ni ba. Nan akwai masu gashin ƙashi kusa da gida. Kai kana shago, matarka tana wurin aiki, kun bar tsoho da talbijin.

Ƙarshen wata zan zo in tafi da shi. Kafin nan ka gaya min tsakaninka da Allah: in an ambaci sunana, yana juyowa?

Ka gaida mutan gidan.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na so in gyara miki zancen yadda nake gyara wa masu saye, na kasa. Ba ya juyowa. Ni da ke masa wanka ma ba ya juyowa.

Amma ya yi magana. Shekaranjiya wata jar mota ta yanke shi a kwana, sai muka ji ya ce, "Ɗan iska." Sarai, da muryarsa ta da. Matata ta tsaya riƙe da faranti. Na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, ni ne." Ya karkata kai, ashe na tare masa hanya. Na tashi na matsa. Ban ji komai a raina ba, har yanzu ina jiran in ji.

Tun da ya kwanta, jar motar nan kaɗai ya kula. In kin zo ɗaukarsa ba zan hana ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki

*

Ɗan Gwanjo,

Na gaishe ka. Ka bar shi inda yake. Ranar Asabar ina tafe, ni kaɗai.

In wasan yana ɗaukar mutum biyu, ka nemo sitiyari na biyu. Ka koya min yadda ake yanke mutum a kwana.

Sai na zo.
Yayarka