Maɓallin wuyan rigata

Telata,

Na dawo daga asibiti ban same ki ba, kuma dole in koma wurin aiki. Sakamakon gwajin ya fito, ke ce da gaskiya. Wannan abin na maƙogwaro da suke kira tayirod ya yi sanyi, ba ya aiki sosai. Likita ta ce sau da yawa tare suke tafiya da ciwon suga irin nawa, mai kama mutum da girmansa, kuma yana iya sa sugan ya ƙi jin magani.

Wata shida ina ɗora laifin a kan girkinki. Ke kuwa kina ta lura: sau uku kina matsar da maɓallin wuyan rigata saboda wuyana yana ƙara kauri, ina jan bargo ana zafi, ina gyangyaɗi a kan sallaya. Ranar da kika zayyana wa likita wannan, har harararki na yi. Ki yafe mini. Yau ta tambaye ni ko aikin jinya kika karanta. Na ce a'a, da zare da allura kika gano.

Sabon maganin yana kan keken ɗinkinki. Kar ki haɗa shi da na suga. Shi da sassafe ake sha, ciki babu komai, sai bayan rabin awa a kawo shayi.

Rigar tana bayan ƙofa. Ki bar maɓallin tukuna. In Allah ya yarda, baya za ki mayar da shi.

Mijinki mai taurin kai