Sirrin Firmin a Bayan Kango

Zuwa ga ƙanwata Tabawa,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar matata, amma wannan ba ciwo ba ne.

Kin ce in tattaro in baro Faransa, wai ba ni da kowa a nan. To, saurara.

In kaka ta yi, mutanen ƙauyen nan sukan shiga daji neman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci. Kar ki tofar da yawu, da man shanu ta fi nama. Kowa da wurinsa, ko ɗan cikinsa ba ya nuna wa. Shekara talatin maƙwabcina Firmin yana ɓad da ni a hanya don kar in ga nasa wurin.

Ran Talata ya buga ƙofa da sandarsa. "Kai tsohon banza, ɗauko kwando." Muka hau tudu, yana hutawa duk taku goma, har kangon tsohuwar fadar dutse da ban taɓa gajiya da kallonta ba. A bayan hasumiyarta ya ɗaga ganye, sai ga laimar kwaɗi jere kamar an shuka.

Na ce, "Ɗanka fa?"

Ya ce, "Wancan na Paris? A waya zai baza. Gwiwata ta gama hawa, kai za ka riƙa kawo mini rabona."

Don haka bana ba zan zo ba. Ki aiko mini da daddawa. Allah ya yi muku albarka. Wurin kuwa kar ki tambaya, ke ma ba zan gaya miki ba.

Yayanki,
Mati