Chaibou da Shu'ibu

Hadejia, 9 ga Mayu

Aminina Safiyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Damagaram baki ɗaya.

Na kai takarduna ofishin da ke ɗaukar masu yi wa shanu allurar rigakafi a Guri. Jami'in ya juya takardar shaidata sama da ƙasa, ya ce ba ya jin Faransanci. Ya ce sai na kawo fassara, da sabon hatimin makarantarmu ta kiwon lafiyar dabbobi da ke Damagaram, sannan a aika Abuja a tantance ko karatun da muka yi karatu ne. Shekara uku ni da kai muna cusa hannu a cikin shanu, Safiyanu, yau ana tambaya ko karatu ne.

Don Allah ka je makaranta ka karɓo mini hatimin, ka ba direbobin Maigatari.

Naka,
Shu'ibu

Hadejia, 27 ga Yuni

Aminina Safiyanu,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Hatimi ya iso, Allah Ya bar zumunci.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. A takardarku an rubuta ni Chaibou Issoufou, a katin ɗan ƙasa kuma Shu'ibu Yusuf. Suka ce mutum biyu ne. Na karanta musu duka biyun da ƙarfi don su ji suna ɗaya ne, suka ce ba da kunne ofis yake aiki ba. Dole na ɗauko mahaifina Baffa daga ruga ya yi rantsuwa a kotu. Tsohon ya fusata, ya ce wa magatakarda rago ɗaya ya yanka ranar sunana, in akwai wani ɗan a nuna masa shi ya tura shi kiwo. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Abin da ke ci mini rai shi ne ciwon huhu ya shiga garkunan wajen Baturiya. Makiyaya suna sallama a ƙofar gidanmu tun da hantsi, sun san abin da na karanta. Maganin rigakafin yana nan cikin firji a ofis, amma ba a ba wanda ba shi da rajista. Baffa ya rasa shanu huɗu, har da jar saniyar da aka ba ni tun ina yaro. Ko laifi bai ɗora mini ba. Da ma faɗa ya yi mini.

Naka,
Shu'ibu

Hadejia, 2 ga Oktoba

Aminina Safiyanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini shirun da na yi, ba ni da abin faɗa ne.

Amsar Abuja ta zo, sun yarda karatunmu karatu ne. Ta iso bayan ruwa ya cinye hanyar Guri, an rufe rigakafin bana, gurbin kuma an ba wani. Da ƙyar suka yi mini rajista suka ɗauke ni na wucin gadi. A kwale-kwale nake bin rugage yanzu, kuma na yi wa ragowar garken Baffa allura da hannuna.

Baffa ya ce ya gaji da fadama, in ruwa ya janye zai kora shanun wajen kawunnaina a can ƙasarku. Sai da takardar rigakafi za su tsallaka iyaka, kuma ni aka ce in cika ta. Ita ce takarda ta farko da na sa wa hannu a bakin aiki. Na rubuta ta da Turanci, na juya baya na rubuta da Faransanci, na sa hannu da sunayen nan nawa biyu.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ka taimaka ka tare shi a bakin iyaka. Tsoho ne, kuma ba zai jure abin da na jure ba.

Ka gaida Inna.

Naka har kullum,
Shu'ibu